'Yar Kwabo a Zafin Sakkwato

Sana'ata renon itatuwa da furanni. Ina da ɗan lambu a bakin fadama, ta wajen hanyar Kware, ni da yara uku muke aiki a cikinsa. Kayan da suka fi fita a wurinmu sanannu ne: dashen mangwaro, gwaiba, lemun tsami, zogale, dogon yaro, sai furannin da masu sababbin gidaje ke so a jera musu a gindin katanga. Mukan kuma je gida mu gyara fili, mu dasa, mu riƙa zagayowa muna dubawa. A wannan aikin na zuwa gida kuɗin yake, kuma a nan ne mutum ke shan kunya idan abu ya ɓaci, don mai gida yana ganin aikinka kullum ya buɗe ƙofa.

Wata shuka ce ta taɓa ja mini irin wannan kunyar. Turawa suna ce mata kirifin jeni. Ba ta da sunan Hausa, sai yarana suka laƙaba mata 'yar kwabo, saboda ganyenta ƙanana ne, zagayayyu, a jere bibbiyu a jikin kara kamar an zuba sulalla a zare.

Wata Hajiya ce da ta tare a sabon gida a Arkilla ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida, fili fetal, ba kowa ba komai sai yashi da wani tsohon mangwaro da magina suka bari a kusurwa. Ta miƙo mini waya. Hoto ne 'yarta da ke karatu a Ingila ta turo mata: wata shuka ruwan zinariya ta lulluɓe ƙasa, ta bi tsakanin duwatsu, ta zubo daga bakin tukunya kamar gashin da aka tsefe.

"Malam, irin wagga nika so a shimfiɗa mini, tun daga ƙofa har bakin ɗaki."

Na ce, "Ranki shi daɗe, an gama."

Ban taɓa ganin shukar da idona ba. Abin da na gani shi ne girman filin da abin da zai shigo aljihu. Na karɓi kafin alƙalami, na fito na buga wa wani abokin hulɗata a Jos waya, don yawancin baƙin furanninmu daga can suke gangarowa. Ya ce akwai, amma bai ce mini komai ba game da halinta, ni ma ban tambaya ba. Bayan kwana huɗu kaya suka iso a kwali, an naɗe saiwoyin da jiƙaƙƙiyar takarda. Ƙarshen watan Fabrairu ne, sanyi yana ban kwana. Muka zuba taki, muka dasa, muka shayar.

Mako biyun farko har hoto na ɗauka ina nuna wa mutane. Ta miƙe, ta fara jan ciki, ganyen yana ƙyalli. Sai Maris ya yi nisa, Afrilu ya shigo. Wanda ya san Sakkwato ya san abin da ake nufi da Afrilu: zafi ya haura digiri 40, iska ta zama kamar daga bakin murhu take fitowa, yashin tsakar gida ba ya takuwa da ƙafa ba takalmi. Gefen ganyen ya fara ƙonewa, ya koma ruwan ƙasa, ya murƙushe. Muka ƙara ruwa, safe da rana da yamma. Ruwan rana ma kamar dafa ta yake yi. Kafin kwana 20 filin nan ya koma kamar an baza busasshen ganyen shayi.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Malam, ashe kai ma ba ka san ta ba." Na sunkuyar da kai. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka na sake gyara filin da aljihuna, da wata shukar daban.

Ranar da muke kwashe busassun ne ƙaramin yarona ya kira ni. "Maigida, zo ka gani." A gindin mangwaron nan akwai wani ɗan dandamali da mutanen gida ke alwala a kai, ruwan yana gangarowa ya jiƙa ƙasa sau biyar a yini. 'Yan tsirarun da muka dasa a wurin suna nan kore shar, har sun yi sababbin rassa. Rana ba ta taɓa su sai da sassafe. Na tsuguna na daɗe ina kallonsu. Na roƙi Hajiya ta bar ni in yanki kaɗan in tafi da su lambu, kuma duk 'yar kwabon da na sayar daga ranar zuwa yau jikokin waɗannan ne.

Daga baya ɗan ƙanena, wanda ke karatun ilimin tsirrai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya zauna ya warware mini asalinta. Sunanta na kimiyya Lysimachia nummularia, kuma kalmar ta biyun daga Latin take, tana nufin mai kama da sulalla. Na yi dariya, na ce ashe yarana da malaman Turai ido ɗaya suka kalle ta da shi. 'Yar Turai ce da yammacin Asiya, a bakin rafi da damshin makiyaya take fitowa da kanta. Ƙanƙara ta sauka a kanta ta kwanta, sanyi ya wuce ta farfaɗo. Tsayinta bai cika wuce santimita 5 zuwa 10 ba, a kwance take tafiya, kuma duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta saki saiwa. Mai ruwan zinariyar da ke hoton Hajiya wani iri ne da ake kira Aurea. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce mini a Amurka, inda aka kai ta don ado, ta tsere daga lambuna ta mamaye wurare masu dausayi, har akwai jihar da ta hana sayar da ita. Can yaƙi ake da ita don ta ƙi mutuwa, nan kuwa lallashinta nake kamar jaririn da aka haifa bakwaini.

Saiwarta ce sirrin komai. Ba ta nitsa ƙasa, a sama-sama take, iyakar yatsa. Dogon yaro yana tura saiwa ƙasa ya nemo ruwa, shi ya sa yake tsaye cikin bazara ko ba wanda ya kula shi. Ita kuwa da zarar saman ƙasa ya bushe ta shiga uku, kuma yashinmu ba ya riƙe ruwa ko na awa biyu idan rana ta take.

Yanzu ga yadda nake yi da ita. Ba na yanka iri sai damina ta ja baya, wajen Oktoba, lokacin da ƙasa ke da sauran laima kuma dare ya fara sanyi. Ina yanko reshe mai tsawon yatsa, kamar santimita 10, in cire ganyen ƙasa, in kwantar da shi a leda yadda gaɓa biyu za su shiga ƙasa. Cikin mako biyu ya kama. Ƙasar kuwa haɗi ce: baƙar ƙasar fadama kashi biyu, ruɓaɓɓen takin shanu kashi ɗaya, yashi kaɗan don kada ta cushe. Na ce ruɓaɓɓe da gangan. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, kuma yana gayyato gara, ita kuwa gara in ta shiga leda ba ta sallama. Kashin kaji ba na kusantar da shi gare ta ko kaɗan, ya yi mata zafi.

Ledojin suna zama ƙarƙashin rumfar zana, inda haske ke ratsowa amma rana ba ta dukan su kai tsaye. Akwai wani abu da sai da na lura na gane: in inuwa ta yi duhu sosai, ruwan zinariyar nan yakan gushe ta koma kore-kore, in kuma rana ta yi yawa ta ƙone. Abin da take so shi ne hantsi, daga fitowar rana zuwa kamar ƙarfe tara, daga nan a rufa mata asiri. Shi ya sa in na shiga gida, kafin in ce uffan sai na tambayi ina ne gabas, in duba inda inuwar katanga ke faɗuwa da azahar.

Watanninta na jin daɗi a nan su ne na hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sanyin dare yana tuna mata gida. Sai dai ƙurar hunturu takan toshe ganyen, don haka da yamma mukan yayyafa mata ruwa ta sama mu wanke ta. A damina kuma, musamman Agusta da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, matsalar takan juye: zafi da ruwan da ya kwanta a tukunya su ruɓar da kara. Sai mu ɗaga tukwanen a kan bulo mu buɗe hujin gindinsu. Furenta rawaya ne, ɗan ƙarami kamar ƙoƙo, a Turai lokacin zafinsu take yinsa. A lambuna jefi-jefi nake ganinsa, kuma ba na yi wa mai saye alkawarinsa.

Idan za a dasa ta a ƙasa, tazarar santimita 30 nake bari tsakanin kowane gindi, in rufe sararin da ɓuntun shinkafa don ya tare laima kafin ta haɗe. Kuma ba na yarda wurin ya wuce girman tabarma ɗaya ko biyu. Lissafin ruwa ne. A bazara, wuri mai faɗin tabarma biyu yana shan jarka guda ta lita 25 da safe, da yamma a ƙara masa rabi. Mai rijiyar burtsatse a gida ba zai ji ba. Amma wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, in ce masa ya shimfiɗa ta tsakar gida duka, ai na haɗa shi faɗa da uwargida ke nan. Kaji ma abokan gabarta ne, tonon rana ɗaya ya ishe su su tumɓuke aikin wata biyu. Akuya kuwa ba a ma maganarta.

Inda ta fi yi mini ciniki shi ne a tukunya. Ina sayen tukwanen ƙasa wurin masu ginin tukwane, don sun fi roba sanyi nesa ba kusa ba, in dasa ta a baki ta zubo ta gefe. A ajiye a baranda, ko a gindin randa inda ruwa ke ɗiga, ko kusa da wurin alwala in dai ba a zubar da ruwan sabulu a wurin. In zafi ya tsananta a ɗauke tukunya a shigar da ita inuwa, abin da ba za a iya yi wa fili ba. Mata sun fi sayenta, kuma sun fi maza iya riƙonta, don su ne ke gida suna ganin lokacin da ta yi laushi.

Wanda ya nace sai ya rufe fili babba, ina da abin da nake nuna masa. Akwai kiri-kiri, ciyawar da kowa ya sani, tana jure rana da taku, yara su yi wasa a kai ba abin da zai same ta. Akwai wedeliya mai furen rawaya, ita ce na sa wa Hajiya a madadin wadda ta ƙone, tana nan har yau, sai dai a riƙa datse ta don ba ta san iyaka ba. Akwai dankalin ado mai ganye ruwan lemun tsami, wanda daga nesa ma sai ka ɗauka 'yar kwabon ce ta girma. Akwai kuma ɗan furen nan mai ganye kamar allura da ke buɗewa da hantsi ya rufe da yamma, shi rana ce abincinsa. Wani lokaci in na bi ta bakin gulbin Rima na ga yadda duman kada ke shimfiɗe yana fure ba mai ba shi ruwa ba mai yi masa rumfa, sai in ce da ma daga Ingila aka turo hotonsa, da tuni an zo nema da kuɗi a hannu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a sana'ar nan shi ne masu sayar da irin waɗannan baƙin shuke-shuke a watan Disamba, lokacin da komai ke kyau, ba tare da sun ce wa mai saye komai game da Afrilu ba. In ta mutu sai a ce mai gida ne bai iya ba da ruwa ba. Na san dabarar sarai tunda ni ma na taɓa faɗawa, ko da yake ni jahilci ne ya kai ni. Garin nan kuma ƙarami ne ga mai sana'a. Gidan biki ɗaya ya isa a gama da sunanka.

Kwanan baya wani Alhaji ya zo da mota, ya ga tukwanen a jere ƙarƙashin rumfa, ya ce yana son leda 300 a shimfiɗa a gaban wani gini da yake kammalawa, wurin da ba ko itace ɗaya. Na ce, "Allah shi daɗe da ran Alhaji, in na sayar maka, kafin ruwan fari ya sauka za ka aiko a kira ni, kuma ba don alheri ba." Ya dube ni kamar bai taɓa ganin ɗan kasuwar da ke korar kuɗi ba. Muka zagaya lambun, na nuna masa wedeliya da kiri-kiri, na ce a fara dasa dogon yaro guda shida a gefen yamma. Ya ce zai yi shawara. Da zai shiga mota ya juyo ya nuna tukunya biyu na 'yar kwabo, ya ce a sa masa a but, na barandar uwargida ne. Na sa yaro ya naɗe su da jiƙaƙƙen buhu, na ce wa direba kada ya tsaya ko'ina a hanya.