Abin da tsara jadawalin talabijin ya koya mini

Mai tsara jadawali a gidan talabijin ba a ganin fuskarsa. Sunansa ba ya fitowa a ƙarshen shiri, kuma babu mai tsayar da shi a hanya ya ce ya gane shi. Amma shi ne yake yanke abin da zai shiga falon mutane da ƙarfe huɗu na yamma, da abin da zai biyo baya, da tallan da za a cusa a tsakani. A shekarun da na yi a kan wannan teburi, kaya iri uku ne suka fi cika mini rana: wasannin barkwanci na iyali, finafinan matasa, da shirye-shiryen addini. Sai da na daɗe ina jera su kusa da juna kafin na lura cewa duk ukun magana ɗaya suke taɓawa, wato wa yaro zai saurara a rayuwarsa. Wasan iyali yana nuna iyaye, fim ɗin matasa yana nuna abokai, shirin addini kuma yana nuna malami.

Wasan barkwanci na iyali shi ne abokin mai jadawali, domin ba ya ba da wahala. Na rabin awa yawanci minti 22 ne, sauran na talla ne, kuma tun daga rubutu an bar wuraren da za a tsaya. Wannan tsari ya samo asali ne daga Amurka. A 1951 tashar CBS ta fara nuna I Love Lucy, wanda aka riƙa ɗauka a kan fim da kyamara uku a gaban 'yan kallo, abin da ya ba da damar a adana shi da kyau a yi ta maimaitawa. Daga baya masu sana'ar suka ɗauki fitowa 100 ta shiri guda a matsayin ma'auni, saboda shirin da ya kai haka za a iya nuna shi Litinin zuwa Juma'a har mako 20 ba a maimaita ko ɗaya ba. Shi ya sa za ka ga wasan da aka gama shi shekara talatin da suka wuce yana nan yana yawo a tashoshin duniya, jikoki suna dariyar abin da ya ba iyayensu dariya.

Na kalli irin waɗannan wasanni da agogo a hannu, ina rubuta mintin da za a shiga talla, har na haddace tafiyarsu. Yaro ya yi ɓarna a farko, ya yi ƙoƙarin ɓoyewa, ƙarya ta haifi ƙarya, asiri ya tonu. Wajen minti na goma sha tara sai dariyar da aka naɗa ta ɗauke, uba ko uwa su zauna a bakin gado su yi magana a hankali, yaro ya sunkuyar da kai. Masu ganin kansu sun waye suna raina wannan wuri, wai ya yi sauƙi da yawa. Ni kam ina ganin darajarsa. Akwai gidaje da yawa da ba a taɓa ganin babba ya yi wa ƙarami gyara ba tare da tsawa ba, ko uba ya ce wa ɗansa ya yi haƙuri. Idan yaro ya ga haka sau biyar a mako, ya san abu ne mai yiwuwa. Abin da ba na so shi ne salon da ya mayar da uba sakarai, kowa a gidan ya fi shi hankali, ana yi masa dariya daga farko har ƙarshe. Irinsu nakan tura su can cikin dare idan na sami hali.

Finafinan matasa su ne suka fi cinye mini lokaci. An yi yawancinsu ne don sinima, inda akwai ƙofa da mai duba shekaru. A Amurka tun 1984 aka ƙirƙiro alamar PG-13 don a ja kunnen iyaye cewa wataƙila fim bai dace da yaro ƙasa da shekara 13 ba. A Birtaniya hukumar Ofcom ta hana nuna abin da bai dace da yara ba kafin ƙarfe 9 na dare. Amma talabijin ɗin falo ba shi da ƙofa. Fim ɗin da aka yi wa ɗan shekara goma sha shida, ƙanwarsa 'yar shekara bakwai tana zaune a gefensa, kakarsu ma tana nan. Ga shi kuma sau da yawa waɗanda suke fitowa a matsayin ɗaliban sakandare sun haura ashirin, sai yarinya ta riƙa auna jikinta da na babbar mace, tana ganin ita ce ta gaza.

Wata ma'aikaciya da ta girme ni a ɗakin tace hotuna ita ta nuna mini abin da ban taɓa mantawa ba. An kawo fim da ya zarce lokacinsa da minti goma sha ɗaya, aka ce a rage. Mai gyaran ya cire wuraren da yake ganin sun yi sanyi, wato inda yarinyar take zaune da mahaifiyarta bayan abin ya lalace, da inda saurayin ya je neman gafara. Ta sa aka mayar da fim ɗin baya, ta ce masa, "Ƙanena, ka bar shagalin ka cire nadamar. To me ka bar wa yaran?" Na ce, "Hajiya, ai lokaci ne ya matse mu." Ta ce a rage daga wurin rawar, ai ita ce ta yi tsawo. Haka aka yi, minti goma sha ɗaya suka fita, labarin bai ji ciwo ba. Tun daga nan ba na sa hannu a kan fim ɗin matasa sai na kalle shi daga farko har ƙarshe bayan an tace, ba na dogara da taƙaitaccen bayanin da dillali ya haɗo da shi.

Ban yarda a ce a hana su baki ɗaya ba. Matashi yana buƙatar ya ga an ɗauki damuwarsa da muhimmanci, ko ta kaɗaici ce, ko ta cin zali a makaranta. Idan tasha ta ƙi ba shi, wayarsa za ta ba shi wanda ya fi muni.

Shirin addini kuwa nan ne na ga an fi yin sakaci, duk da cewa kowa yana girmama shi da baki. Sau da yawa ana jefa shi a lokacin da aka san ba mai kallo, a ba shi tsohuwar kyamara ɗaya da makirufo mai ƙara, a ce an sauke nauyi. Tarihi bai goyi bayan wannan raini ba. A 1952 wani limamin Katolika, Fulton Sheen, ya fara shiri a tashar DuMont ta Amurka ranar Talata da ƙarfe 8 na dare, daidai lokacin da fitaccen ɗan barkwanci Milton Berle yake kan allo a wata tashar. Kayan aikinsa allo ne da alli, amma ya tara miliyoyin masu kallo har ya ci Emmy, lambar yabo ta talabijin. A Masar, Shaihu Muhammad Mutawalli Sha'arawi yana zaune a masallaci yana tafsiri da harshen da talaka yake fahimta, ya rasu a 1998 amma har gobe ana maimaita karatunsa. BBC tana nuna shirin waƙoƙin coci mai suna Songs of Praise tun 1961. Mutane suna kallon shirin addini idan an yi shi da ilimi da kulawa.

Inda gizo yake saƙa shi ne sayar da lokaci. A 1960 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta amince tashoshi su lissafa shirin addinin da aka biya kuɗi a cikin hidimar da suke yi wa jama'a. Sannu a hankali lokacin da ake bayarwa kyauta ya ja baya, fili ya koma hannun mai iya biya, shi kuma dole ya nemi kuɗin daga masu kallo. Duk tashar da ta bi wannan hanya tana fuskantar jarabawa iri ɗaya, domin mai kuɗi ba lallai ne ya zama mai ilimi ba, kuma tsohuwar da take kallo ta ɗauka tashar ta tantance shi kafin ta sa shi a gabanta. Wannan amana ce, kuma na ga yadda ake wasa da ita.

Har tallan da ke kewaye da shirin abin dubawa ne. Malami ya gama magana a kan ƙana'a da haƙuri, ko numfashi ba a yi ba sai ga tallan caca, ko na maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta. Mai kallo yana haɗa su ne a ransa, yana ganin kamar malamin ya sa albarka. Na yi ta fama da sashen talla a kan a bar minti biyu kafin shirin da minti biyu bayansa ga sanarwar tasha ko ta lafiya, kuma kada fim ɗin matasa ya biyo bayansa kai tsaye sai an raba su da labarai ko wasan iyali. Wani zangon sukan yarda, wani zangon kuma idan kuɗi ya yi ƙasa sai mu koma teburi mu sake jayayya daga farko.