Haɗin gwiwar soja a Tafkin Chadi: inda gizo ke saƙar

Jama'a, duk mai bibiyar rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, wadda ke yaƙi da Boko Haram, ya san matsalarta ba ƙarancin jarumta ba ce. Tun 2015 hedikwatarta tana N'Djamena, an kuma raba fagen daga shiyya huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya, sai Diffa a Nijar. Amma kowace ƙasa ita ke ciyar da sojojinta, kuma kwamandan shiyya ya fi jin umarnin gida.

Ga abin da ke faruwa a fili. An fatattaki 'yan Boko Haram daga wani tsibiri, sun tsallaka iyaka cikin kwale-kwale, kafin saƙo ya bi ta Turanci ya koma Faransanci ya isa wancan ɓangaren, sun ɓace cikin ciyayi. Ruwa ya cika, motar sulke ba ta shiga. Ya janye, laka ta riƙe ta. Sai ƙananan jiragen ruwa, su kuma ba sa isa.

Ficewar Nijar a Maris 2025 ta ƙara dagula lamarin, domin Kogin Komadugu Yobe, wanda ke kan iyakar Najeriya da Nijar, ba ya tsaruwa daga gaɓa ɗaya.