Noor Jehan, muryar da rabuwar Indiya ta kai Lahore

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya a sinimomin Kano ko Kaduna ya san muryar Lata Mangeshkar, ko da bai san sunanta ba, amma kaɗan ne a cikinmu suka san Noor Jehan, matar da Lata ta yi koyi da salonta a farkon waƙarta. Dalili kuwa shi ne, lokacin da finafinan Bombay suka fara cika sinimominmu a shekarun 1950, ita ta riga ta tattara nata ya nata ta koma Pakistan.

An haife ta a garin Kasur na yankin Punjab a 1926, kuma tun tana yarinya take waƙa a dandali da cikin fim. Fim ɗin Khandaan na 1942 ne ya mayar da ita babbar jaruma, daga nan ta wuce Bombay tare da daraktansa, Shaukat Hussain Rizvi, wanda ya aure ta. A wancan zamani ana sa ran jaruma ta rera waƙarta da bakinta, kuma galibi waƙar tana shiga gidajen mutane ne ta hanyar faifan garmaho, wanda kowace fuskarsa ba ta ɗaukar fiye da kimanin minti uku. Sau da yawa akan sake ɗaukar waƙar daban domin faifai, shi ya sa mai kunnen basira zai ji ta fim da ta garmaho sun ɗan saɓa. A cikin wannan ƙunci na lokaci da ƙarancin na'ura, inda kuskuren makaɗi ɗaya yake sa a koma farko, Noor Jehan ta nuna abin da ya bambanta ta: murya mai kauri da faɗi wadda take hawa sama ba tare da ta sirance ba, da lafazin da kowane harafi yake fita a cikinsa tsaf. Mai son ya gwada sai ya nemi waƙoƙin fim ɗin Anmol Ghadi na 1946, wanda Mehboob Khan ya shirya, Naushad ya tsara kiɗansa, wato mutanen nan biyu da daga baya suka kawo mana Mother India.

Bayan fim ɗin Jugnu, da ta fito tare da Dilip Kumar a 1947, aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, ta zaɓi Pakistan, ta zauna a birnin Lahore. A ganina wannan zaɓi ya rage mata masu sauraro a duniya, domin faifan Bombay ne ke yawo har Afirka, na Lahore kuwa bai cika nisa ba. Sai dai abin da ta rasa a waje ta same shi ninki a gida. Ta daina fitowa a fim a farkon shekarun 1960, ta koma rera wa wasu jarumai suna motsa baki, tsarin da masu kallon finafinan Hausa suka sani sarai, ta kuma shafe fiye da shekara talatin tana yi da Urdu da Punjabi. A wannan zango ne ta rera baitocin Faiz Ahmed Faiz, shahararren marubucin waƙoƙin Urdu, a fim ɗin Qaidi na 1962, sannan a yaƙin Indiya da Pakistan na 1965 ta yi ta zuwa gidan rediyon Lahore tana ɗaukar waƙoƙin ƙarfafa wa sojoji gwiwa, waɗanda har yau ake sawa a ƙasar. Ba duk abin da ta rera a shekarun ƙarshe ba ne ya kai darajar muryarta, domin wasu waƙoƙin finafinan Punjabi na kasuwa ne kawai, amma ko a cikinsu ba ta sassauta wa lafazi ba.

Ta ziyarci Indiya a 1982 domin bikin cikar finafinan Indiya masu magana shekara hamsin, inda Dilip Kumar da kansa ya gabatar da ita ga jama'ar Bombay. Ta rasu a Karachi ranar 23 ga Disamba, 2000, cikin watan azumi, kuma har yanzu 'yan Pakistan suna kiranta Malika-e-Tarannum, sarauniyar rera waƙa.