Abin da malama ta rubuta a katin Ummi

Laraba. An ɗauke wuta tun asuba, ruwan daren jiya kuma ya cika kwatar layinmu, sai da na tattare zani kafin na fita titin Pen Cinema a nan Legas.

Kun san tun bayan babbar sallah nake haddar kalmomin Turanci goma kullum. To satin nan na shigo babin munanan halaye, kuma wallahi ya fi babin kayan miya saurin zama a kai, don kowace kalma ina da mai ita. Stingy, marowaci: mai gidan hayarmu. Stubborn, mai taurin kai: kwandastan danfo, wato bas ɗin haya, da ya riƙe min canjin naira 200 daga Oshodi ranar Litinin. Gossip, gulma, wannan ba sai na kama suna ba, kun san ta. Har na gano jealous daban envious daban, kamar kishi da hassada, duk da Maman Tunde komai jealousy take ce masa. Ni kaɗai a kicin ina soya manja ina ƙyalƙyala dariya.

Sai ’yata Ummi ta dawo daga makaranta da katin rabin zango. Lissafi lafiya, karatu lafiya. A ƙasa malamarsu ta rubuta kalma ɗaya da jan biro: timid. Ba ta cikin waɗanda na haddace, sai na duba a waya. Matsoraciya, marar ƙarfin hali. Ummin da ke kama ƙadangare da hannu?

Ko tukunya ban sauke ba, na bar wa Sadiya, na zura hijabi sai makarantarsu. Malamar Bayarabiya ce, babba, mai fara'a. Ta ce Ummi ba ta kallon fuskarta in tana mata magana, ba ta ɗaga hannu ko ta san amsa, ran nan ma da aka tambaye ta sunan babanta sunkuyar da kai ta yi. Ni kuwa ina jin haka zuciyata ta yi sanyi, ai tarbiyyata ce ake lissafo min. Na gyara tsayuwa na ce da Turancina, “She get shame.” Matar nan ta dafe ƙirji: me ta aikata? Wani ya taɓa ta ne?

Nan bakina ya mutu. Ashe shame kunyar wanda ya yi abin kunya ce. Na laluba sauran da na sani. Ashamed, sai ka yi laifi. Embarrassed, irin zaninki ya kwance a tsakiyar kasuwar Mile 12. Shy, nauyin baki a gaban mutane, ita ma a littafina shafi ɗaya take da lazy da rude. Kunya guda tamu sun yanka ta kashi uku sun zuba duka a kwandon ruɓaɓɓu. Wadda Inna ke nufi in ta ce yarinyar nan akwai kunya, wadda ta sa har yau ba ta kiran sunan Yaya don shi ne ɗan fari, wadda malamin Islamiyya ya ce tana daga imani, ita ban samo mata suna ba.

Da kyar dai, rabi buroka rabi nuni da hannu, ta gane. Ta yi dariya ta ce su ma ’ya’yansu mata durƙusawa suke wa manya. “Amma Maman Ummi, nan Legas ce. In ba ta buɗe baki ba, hakkinta ma a hannun wani za ta bar shi.”

Na yi godiya na fito da haushi. A keke na tuna ranar Litinin: sau ɗaya na ce wa kwandastan nan canjina, a hankali, da ya yi kamar bai ji ba na sauka, don kar in ɗaga murya gaban maza. Shi na rubuta wa stubborn. Ni ban rubuta wa kaina komai ba.

Abban Ummi ya ce wai modest ce kalmar. Na duba, ta fi karkata ga sutura da rashin nuna kai. Ta kusa dai.

Miyar ta kama. Wuta sai tara da rabi.

Da za ta kwanta Ummi ta tambaye ni me malama ta rubuta da jan biro. Na ce gobe in an yi tambaya a aji ta ɗaga hannu. Ta ce, “Ko da malama na kallona?” Na ce ta yi addu'a ta kwanta.