Takardar da Ba Ta da Ranar Ƙarewa

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa mabuɗin sito, bayan shekara tara. Kamfanin ɗab'in littattafai ne a Gusau; waɗanda muka yi zama tare sun san shi, sun san mai gidan, Alhaji, ba sai na tsaya dogon bayani ba. Abin da ya biyo ni har gida shi ne takardar da na kai wa Baba Malam ya sa wa hannu.

Tsohon malamin firamare ne daga wajen Ƙaura Namoda, ya rubuta ɗan littafin koyon karatun Hausa wanda makarantu suka karɓa hannu bibbiyu. Ni na same shi da yarjejeniyar a zaurensa. Ya karanta a tsanake, ya ga kasonsa na kashi 10 cikin 100, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, ban ga inda aka ce zuwa yaushe ba." Na ce, "Baba, ai duk gida ne. Ranar da ka so abinka, magana kawai za ka yi." Wallahi har zuciyata haka na ɗauka.

Sai daga baya na gane lissafin. Kuɗin mai ɗab'i a bugun farko suke nutsewa: tayipin, gyara, zane, bango, yawon tallata littafi makaranta-makaranta. In littafi ya mayar da wannan, duk bugun da ya biyo baya takarda da tawada ne kawai, sauran riba. Shi ya sa ba a taɓa rigima a kan littafin da ya mutu. Wanda marubuci yake so a sakar masa, shi ne wanda yake ciyar da kamfani.

Da naira ta faɗi a 2023, takarda ta yi tashin gwauron zabi, Alhaji ya ƙara wa littafin kuɗi har sau biyu, amma kason Baba yana nan a kan tsohon farashi. Wata madaba'a a Zariya ta yi masa tayi mai kyau, sai ya zo da kansa ya nemi a raba gari cikin mutunci. Alhaji ya buɗe takardar ya nuna masa sharaɗin da ya ce izini yana nan muddin littafin bai ƙare a hannunmu ba. Da yamma ya kira ni ya ce in ware kwali biyu in kai ƙuryar sito, kada a sayar ko da wa ya zo. Na ware. Ni da na ce magana kawai zai yi.

An ba Baba shawarar zuwa kotu. Shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, kuma kuɗin da lauya ya yanka masa sun fi abin da littafin yake kawo masa a shekara uku. Alhaji ya san da haka. Shi yana iya jira, injinsa yana aiki. Ɗan fansho mai shan maganin hawan jini ba ya iya jira.

Dokarmu ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Ku auna tsawon abin da mutum yake miƙawa in ya bar gurbin wa'adi babu komai. A Amurka dokar 1976 ta ba marubuci damar karɓe haƙƙinsa bayan shekara 35, ko me ya sa wa hannu tun farko. Tarayyar Turai kuma a 2019 ta yarda ya janye izini in an ajiye aikinsa ba a amfani da shi.

Ba na cewa mai ɗab'i ba shi da tasa hujjar. Na ga littattafan da muka zuba wa kuɗi gara ta cinye su, na ga makarantun da suka ɗauka bashi suka yi shiru, ga masu bugun sata. Littafi ɗaya mai tafiya shi yake ɗaukar nauyin sauran. Amma wannan hujjar ta shekara biyar ce ko bakwai, a zauna a sabunta. Ba ta kai a riƙe wa mutum guminsa har jikokinsa ba.

Ga masu shigowa aikin: a rubuta adadin kowane bugu, a ɗaura kaso a kan farashin ranar sayarwa, kuma kada ku ɗauki alkawari da bakin mai gida. Yarjejeniyoyi ukun ƙarshe da na tsara duk na sa musu wa'adi. Biyu Alhaji ya soke da jan biro. Ɗaya ta wuce bai lura ba, kuma ban nuna masa ba.

Da nake miƙa lissafin sito na ƙirga kwalayen nan biyu, suna nan cif. Washegari na hau mota zuwa Ƙaura. Baba ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, ya tambayi lafiyar yarana ɗaya bayan ɗaya. Har na yi sallama bai ambaci takardar ba, ni ma na kasa.