Abin da dajin Sao Tome ya koya mini game da raka masu kallon tsuntsaye

Yawancin baƙin da ke zuwa kallon tsuntsaye a Sao Tome da takarda a aljihu suke sauka daga jirgi. Sunayen tsuntsaye ne jere a jiki, kowanne da gurbin da za a sa masa alama in an gan shi. Ban ga laifinsu ba. Tsibiran nan biyu, Sao Tome da Principe, da ke mashigin tekun Gini kudu da Najeriya, suna da nau'in tsuntsaye kusan 28 da babu su a ko'ina a duniya sai can. Wanda ya kashe kuɗin jirgi daga Turai yana son ya koma gida takardarsa cike. Ni kuwa aikina in raka su, in shirya tafiya, in tsaya tsakaninsu da jagororin gari masu jin Fotugis.

Na zo aikin da karatun littafi da madubin hangen nesa, amma a dajin Obo, babban gandun dajin tsibirin Sao Tome, ido ba ya kai ka ko'ina. Itatuwa sun rufe sama, hazo na sauka tun kafin hantsi, gilashin madubin ya yi ta yin gumi kana gogewa da bakin riga. Kunne ne ke aiki. Jagoran da na fi bi, dattijo ne da ya yi shekaru yana farauta da tsintar katantanwa a dajin, yakan tsaya cak a tsakiyar hanya, ya ɗaga yatsa ɗaya, kowa ya yi tsit. Can sai ya nuna wani reshe da leɓe. Sai an ɗan jima kafin mu masu madubi mu gano abin da shi ya riga ya ji. Bai taɓa buɗe littafin tsuntsaye ba, amma ya san itacen da ke 'ya'ya a kowane wata, ya kuma san wanda zai zo ci.

Wannan ba shi kaɗai ba ne. A 2022 masana suka tabbatar da wata sabuwar ƙaramar mujiya a Principe, suka raɗa mata sunan Bikegila, laƙabin wani mutumin tsibirin da a da sana'arsa hawa itace yana kwasar 'ya'yan aku, daga baya ya koma aikin tsaron daji. Saninsa da dajin ne ya kai su gare ta. An daɗe ana jin kukanta da dare, gajere mai maimaituwa, kafin a samu hotonta a 2016. Na yi imani duk wani shirin yawon buɗe ido da zai tsallake irin waɗannan mutane ya ɗauko jagora daga birni, ya cuci baƙon, ya kuma cuci dajin. Mutumin da ke samun abin cefane daga nuna tsuntsu da rai ba shi da dalilin harbinsa.

Inda na fi shan fama shi ne maganar kunna kukan tsuntsu a waya. Ana kunnawa, namiji ya ɗauka wani ne ya shigo masa yanki, ya baro abin da yake yi ya taho a fusace, baƙo ya ɗauki hoto. Ga tsuntsun da ya cika daji, sau ɗaya ba wani abu ba ne. Amma akwai ɗan ƙaramin jinjimin Sao Tome, da wani babban kanari mai kaurin baki wanda ya fi kowane kanari girma a duniya. Shi wannan kanarin tun ƙarshen ƙarni na 19 ba a sake ganinsa ba sai 1991. Dukansu biyun sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma 'yan wuraren da ake samunsu a kudancin tsibirin su ne kowane ayari ke zuwa. In kowa ya kunna waya a wuri guda duk mako, lokacin sheƙa ma ba a bari, wa zai hana tsuntsun barin ƙwansa? Yanzu tun a masauki nake faɗa wa baƙi cewa ba za mu yi ba. Wasu su ɓata rai. Na gwammace haka.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna ɓata tafiya. Kudu maso yamma ruwan sama ya ninka na arewa sau da yawa, don haka takalmin roba mai tsawo ya fi kowane takalmin tsada amfani. Daga Yuni zuwa Satumba ne ake samun sauƙin ruwa, hanya ta fi biyuwa. Wanda ba shi da ƙarfin hawan dutse kuma ba sai ya wahalar da kansa ba: daga lambun Bom Sucesso zuwa tsohon tafkin da ake kira Lagoa Amelia, da ma tsofaffin gonakin koko masu inuwa, ana ganin da yawa daga cikin tsuntsayen tsibirin.

Kuɗin jagora kuwa na daina bari ya bi ta hannu uku kafin ya isa. A gaban baƙon nake sa a ƙirga a miƙa masa, in faɗa wa baƙon cewa wannan mutumin ne ya nuna masa duk abin da ya sa wa alama a takardarsa.