Godiya Bayan An Yi Wa Ajujuwanmu Rufi

Alhamdu lillahi. Tun Litinin yaranmu na firamare sun bar gindin darbejiya sun koma aji. Duk kun san abin da iskar farkon damina ta yi wa rufin ajujuwanmu, ba sai na maimaita ba, ni kaina na gaji da ba da labarin.

A madadin kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, ina gode wa jami'an hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB) da suka tako har garinmu duk da lalacewar hanya, da takwararta ta tarayya (UBEC) da tallafin ya fito daga hannunta. Masu cewa ai haƙƙinmu ne, gaskiyarku: tun dokar 2004 ake ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓa. Amma ƙauyuka nawa ne ke da wannan haƙƙin suna nan suna jira? Wanda ya ɗauki takardarka ya kai ta inda za a sa hannu ya cancanci addu'a.

Sharaɗin da aka gindaya mana shi ne gari ma ya kawo nasa, ko kuɗi ko aikin hannu. A nan hankalina ya tashi, don lokacin rumbuna sun yi ƙasa, kowa na neman na taki. Muna zaune a zauren Mai Unguwa, an yi shiru, sai ga Inna mai ƙosan bakin makaranta ta yi sallama daga waje. Ta kwance bakin zaninta ta miƙo kwasar adashinta gaba ɗaya. Na ce, “Inna, ai ke ba ki da ɗa a makarantar.” Ta ce, “To su wa suke sayen ƙosan nawa?” Wallahi babu wanda ya iya ɗaga kai. Kafin la'asar masu jakai sun fara jido yashi daga rafi, ko sisi ba su karɓa ba.

Ta hana ni faɗa, Inna ki gafarce ni. Ina gode miki, haka ma Sarkin Magina, da Malam Liman da bai bar Juma'a ta wuce ba tare da ya tuna wa mutane ba, da malamanmu da suka yi ta koyarwa allo jingine da bishiya. Allah Ya saka muku da Aljanna Firdausi, Ya jiƙan magabatanku, Ya raya muku zuri'a, Ya sa ku ci moriyar yaran nan tun kuna da ƙarfinku.

'Yan uwanmu na birni da suka koyi baƙi da wasali a ajujuwan nan, mun kira, wayar ta yi ta ƙara. Wataƙila hidima ce ta yi yawa. Ba komai, banɗakin 'yan mata na nan ba a fara ba tukuna.

Mai son ganin lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe, yana manne a ƙofar ofishin hedimasta.